Rarar da Tela Ya Bari

...sha bakwai, sha takwas... a'a, ai ta riga ta faɗi sha takwas. Ko ba ta faɗa ba? To, a koma goma. Wanda aka yi shakkarsa ba ya shiga ƙirga, haka ta yanke wa kanta tun ranar farko. Bayanta a kan tabarma, yatsun ƙafarta a saƙale ƙarƙashin gado, hannuwa a ƙeya. Tashi. Koma. Tashi... Wuyanta ne kawai ke tashi, tumbin yana kwance abinsa kamar ba da shi ake ba.

Ƙarfe uku da minti goma. Ya ce zai rufe shago ya zo ya ɗauke ta ƙarfe huɗu. Maigidan ba ya saɓa lokaci. Tela ne, amma ba irin telolin da gobensu ke zama wata guda ba, in ya ce huɗu, huɗu saura kaɗan za ta ji takunsa a matakalar bene. Ƙanwarsa ta haihu yau kwana tara. Kowa ya je ya ga jaririya, har mutanen da ba a haɗa komai da su ba, sai ita. Sai matar yaya. Me za a ce? Ai an ma riga an ce...

Sha ɗaya. Sha biyu.

Matar cikin waya ba ta gumi. Ga ta can a jingine da ƙafar kujera, cikin tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi, tana tashi tana komawa tana washe haƙora, tana ƙirga da yaren da ba a ji. Cikinta shafe kamar faranti. Ta taɓa haihuwa kuwa, wannan? Ta taɓa ɗaukar ciki wata bakwai, ta tafi asibiti da jakar kayan jarirai, ta dawo da ita a zuge yadda ta tafi? Jakar na can saman wadirof, wata biyar ke nan, ba wanda ya... Kai. Bari. Ba yau ba.

Sha uku.

Abin ya tafi, ya bar ɗakinsa. Shi ke nan maganar. Ɗan haya ya tashi, ɗakin ya ƙi rushewa.

Sha huɗu... ga shi nan kuwa. Duk ta yunƙura sai wani tudu ya taso a tsakiyar cikin, daga ƙarƙashin ƙirji zuwa cibiya, dogo, kamar burodi. Nas ɗin asibiti ta faɗa mata. Ta kwantar da ita ta danna yatsu biyu a saman cibiya, yatsun suka nutse, ta ce naman wurin ne ya rabu, kada ta riƙa yunƙurawa daga kwance, ta yi ta tafiya da ƙafa, ta riƙa jan numfashi a hankali, zai haɗe da kansa. A hankali. Kowa a hankali. Ita nas ɗin ai ba ita ake tashi a ba kujera a mota ba. Tafiya da ƙafa kuma a ina? A titi? A gaban mai shagon kwana da ke bin mutum da ido tun daga ƙofa har ya sha kwana? Taku tara ne daga ƙofar ɗakin nan zuwa taga. Ta auna. Tara zuwa, tara dawowa, sau ɗari, har sai bango ya fara juyawa...

Motar. Kullum sai motar nan ta shigo. Bas ce a cike maƙil, ranar da suka dawo daga wurin nas ɗin, wata biyu ke nan, tana tsaye tana riƙe da ƙarfe, shi yana bayanta. Wata tsohuwa mai jakar leda a cinya ta dube ta, ta dubi cikin, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa.

"Zauna, 'yata. Mai juna biyu ba ta tsayuwa. Wata nawa?"

Da ta yi shiru. Da ta ce ba komai, Baba, zauna abinki. Da ta ce... me? A gaban mutum talatin? Bakinta ne ya buɗe da kansa ya ce shida. Shida! Daga ina ta samo shida? Tsohuwar ta ɗora hannu a kan cikin, hannu mai ɗumi, busasshe, ta yi ta addu'ar Allah ya raba lafiya, Allah ya sa mai jin ƙai ne, tasha uku tana yi, ita kuma tana amin, amin, amin. Shi yana kallon taga. Wuyansa ya sandare yana kallon taga kamar an ce masa ana rabon wani abu a waje. Ya ji? Ya ji mana. Kurma ne? Da suka iso gida ya sa makulli ya buɗe, ya ce bari ya koma shago.

Tun ranar ƙafarta ba ta taka matakalar nan ba.

Ashirin. Ya isa. Yanzu tsalle. Matar waya ta miƙe ta fara, hannu sama ƙafa a buɗe, hannu ƙasa ƙafa a haɗe. Ɗaya, biyu, uku... komai na jikinta na girgiza, tumbin na zuwa a makare, ita ta sauka shi bai sauka ba tukuna... takwas, tara...

Ƙwas ƙwas ƙwas. Daga ƙasa. Maman 'yan biyu ce da sandar mofa, tana dukan silin ɗinta. Ta manta, lokacin barcin yaran ne. Shekaranjiya ma ta leƙo ta tagar matakala tana dariya, wai Amarya, daka kike yi a saman kanmu ko dambe kuke da aljanu? Har yanzu Amarya take ce mata, shekara biyu da aure. Ta ce kayan ɗaki take gyarawa. Kullum? Kullum ƙarfe uku? Matar ta ce to Allah ya ba kayan ɗakin haƙuri. Ta sani. Duk gidan nan sun sani, ƙila. Shi kaɗai ne bai sani ba, shi da ke fita bakwai ya dawo shida, ya tarar da tabarma a naɗe bayan ƙofa, gororin ruwan da take ɗagawa a jere ƙarƙashin teburin girki kamar na sha ne, ita ta yi wanka ta shafa mai tana yanka albasa. Allah ya taimake ta ma, maigidan ya koyi wata sabuwar ɗabi'a, tun daga hawa na biyu yake kaɗa makullai, ya tsaya bakin ƙofa yana lalube kamar makullin ya ɓace masa a cikin guda uku. Da can sai dai ta gan shi tsakiyar ɗaki kamar an jefo shi. Tsufa ne ya fara kama shi tun yanzu?

A bar tsallen. A kwanta rub da ciki, a tokare da gwiwar hannu, jiki a miƙe kamar katako. Wannan ba ya ƙara. Wannan shi ne mugun. Gwiwar hannunta har ta yi baƙi, ta yi kanta, tana rufewa da dogon hannu... Riƙe. Riƙe. Gumi na ɗiga daga haɓa, ɗigo ɗaya, biyu, suna haɗuwa a ramin saƙar tabarma. Cinyoyi na rawa. Yayarta ta ce a waya ki bar burodi, ki bar shayi mai sukari, ki bar cin dare, ki bar, ki bar, sai ka ce akwai abin da ya rage ba ta bari ba. Yaya mai 'ya'ya huɗu, ita nata tumbin ai da shaidarsa, suna bin ta a baya suna riƙe mata gefen zane. Ba wanda ke tambayar Yaya wata nawa. In ma an tambaya dariya za ta yi ta ce wannan na tuntuni ne.

Riƙe...

Ƙasa. Kuncinta a kan tabarma. Daga nan tana hango shi, a rataye jikin ƙusa bayan wadirof. Siket ɗin. Mai ruwan toka, mai zif a baya da ɗan ƙaramin maƙale na ƙarfe a ƙugu. Shi ya ɗinka mata a watan farko, lokacin da take bin shi shago ta zauna a kan benci, kunya ta hana ta ɗaga kai in abokan cinikinsa suka shigo. Ya ba ta reza ya koya mata farke ɗinki don kada zaman ya ishe ta. Ya wurga mata tef a ƙugu ya jawo ta da shi, ya ce ya kama ɓarauniyar almakashinsa, ta ce wallahi mutane na gani... Yaushe rabon da ya auna ta? Tef ɗin na wuyansa kullum, da shi yake shigowa wani lokacin, ya cire ya cusa a aljihu tun daga ƙofa. Ba ya kallonta. Faranti yake kallo in suna cin abinci. Ya ce sannu, ya ce an gode, ya ce akwai abin da za a sayo? Mutumin kirki. Har ya yi yawa. Mutum ya yi ta sannu da kai kamar mai jinya, ina ma ya yi faɗa sau ɗaya, ya ce miyar ba gishiri...

Ba ta da tef, ba ta kuma iya roƙa ba. Ta ce masa me? Siket ɗin ne ma'auninta. Washegarin ranar mota ta sa shi, zif ya hau rabi ya tsaya, tsakanin maƙalen da raminsa yatsu huɗu cif. Ta yi rantsuwa ita kaɗai a gaban madubi, ba za ta sake fita ba sai ranar da ya maƙala. Duk Juma'a da rana take gwadawa. Huɗu. Huɗu. Sai uku, ranar har rawa ta taka ita kaɗai. Uku kuma, ya tsaya cak, ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ce masa albasa ce. Mako na gaba biyu. Biyu. Ɗaya. Makon jiya saura yatsa ɗaya, ɗan ƙaramin ma. To ashe nas ba ta san komai ba. Ashe sannu ba ta hana zuwa, amma gaggawa ma tana kaiwa.

Uku da minti arba'in. Innalillahi, yaushe? Tashi. Ruwa a fuska, a wuya, a hammata, ba lokacin wanka. Tawul. In bai maƙala ba fa? In bai maƙala ba za ta ce kanta ke ciwo. Ta faɗi haka ranar da aka haihu, ta faɗa ranar da aka sallamo su. Sau uku ciwon kai? Uwarsa za ta ce baƙin ciki take yi da jaririyar, ba za ta faɗa da ƙarfi ba, za ta dai ce Allah ya sawwaƙe, da irin muryar nan. Ita kuwa ba baƙin ciki ba ne. Tana son ta ga yarinyar. Tana so ta ɗauke ta ta shinshina kanta... abin da ba ta so shi ne ɗakin, cike da mata, idanu su sauka a cikinta kafin su hau fuskarta, wata baƙuwa da ba ta san labari ba ta ce a'a, ashe ke ma kin kusa. Sai ta ce me? Shida?

Siket ɗin yana da ƙamshin guga. Jiya Alhamis ya dawo da shi cikin kayan da yake kaiwa shago ya goge, dutsen gugar can ya fi na gida nauyi. Kullum sai ya haɗa da shi, siket ɗin da ba a sawa, wai rataya na sa shi ya yi layi. Ƙafa ɗaya. Ɗayar. Ja sama. Ya wuce cinya... ya wuce... zif. Bismillah. Yana hawa. Yana hawa, bai tsaya a inda yake tsayawa ba. Ja numfashi, riƙe, yatsu a baya suna lalube, ƙarfe na neman ƙarfe...

Ƙyas.

Ya shiga.

Ya shiga? Saki numfashin a hankali... yana nan. Bai ɓalle ba. Madubi. Gefe. Ɗaya gefen. Tumbin bai ɓace ba, ƙarya ne a ce ya ɓace, amma siket ya rufe, ya rufe da kansa, wata biyu, gwiwar hannu, wuya, sandar mofa... Wayyo Allah. Dariya ce ke zuwa ko kuka? In ta sa farar rigar nan mai faɗi a sama ba mai cewa komai. Za ta sauka matakalar nan a gabansa. Za ta gaida mai shagon kwana da kanta, ya kalla ya more. Zai lura kuwa? Zai gane siket ɗin? Ko sau ɗaya ya ɗaga ido daga...

Takalma. Suna ƙarƙashin gado, sun yi ƙura. Zauna a bakin gado, sunkuya...

Ɓarrr.

Ƙaramar ƙara ce. Kamar an yage takarda a ɗaki na gaba. Hannunta ya riga ta zuwa wurin, gefen dama, ƙasa da ƙugu kaɗan, yatsa ya shige ya taɓo fata. A'a. A'a, a'a. Huɗu saura minti goma sha biyu. Ba komai, ɗinki ne ya saki, matar tela ce ita, allura na cikin gwangwanin alewa, minti biyar ya isa. Cire. Juya shi ciki waje. Kusa da taga inda haske yake. Zare mai ruwan toka, ina... ga bakin wurin, ga inda ya...

Me ye wannan?

Ɗinkin a bakin yadi yake. A baki ƙarshe, ba ko faɗin ƙwayar shinkafa tsakaninsa da inda almakashi ya yanka. Ba zaren ne ya tsinke ba, yadin ne ya zame, don ba shi da abin riƙewa. Shi ba ya ɗinki haka. Ba ya yi. Ita ce shaida, a kan bencin nan ya nuna mata, ya buɗe cikin wannan siket ɗin da kansa, ya ɗora yatsunsa biyu a kan rarar da ya bari kowane gefe.

"Tela na ƙwarai yana barin rara a ciki," ya ce. "Jikin mutum ba dutse ba ne."

Ina rarar?

Karkata shi ga haske. Ga su. Ƙananan huji, a jere, layi guda daga ƙugu har ƙasa, inda allurar keke ta taɓa bi aka farke. Kusa da shi wani layin. Da wani. Da wani. Kamar layukan littafin makaranta. An bi su da guga an danne, an shafe, sai wanda ya taɓa zama da reza yana farke ɗinki ne zai gani. Ɗaya gefen fa? Haka. Daidai wa daida. Ga ɗan gutsuren shuɗin alli da bai gama gogewa ba. Zaren ma... zaren nan sabo ne, tokarsa ta fi ta zif haske.

Huɗu. Layi huɗu.

Yatsu huɗu.

Alhamis ya kai guga. Juma'a ta gwada.

Zauna. A ƙasa, a kan tabarmar, inda gumin bai bushe ba... Wato ranar da ta taka rawa, shi ne. Makon da ya tsaya cak fa? Shi ne ma, ya bari ya tsaya don kada abin ya yi sauri ta gane. Sai ya dawo ya ga idonta a kumbure, albasa, ta ce albasa, ya ce sannu, Alhamis na zuwa ya zauna gaban keke ya buɗa mata yatsa guda. Mutumin da ba ya kallonta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shi da yake yanka wa mutum wando daga hango shi a bakin ƙofa, tef ɗin me zai nema? Yana kallon faranti yana auna ta. Kullum. Ya san inda ta kai, ya fi ta sani...

To ita fa? Wata biyu. Wuyan nan da ba ya juyawa da safe. Burodin da ta bari. A cikin yatsu huɗun nan ba nata ko ɗaya? Ko rabi? Wanne ne nata, wanne ne nasa? Ba yadda za a yi ta sani yanzu, ya lalata mata ma'auni, ya mayar da ita yarinyar da ake ɗaga wa hannu a ce ta yi tsawo. Wa ya sa shi? Wa ya roƙe shi? Da ya buɗe baki ya ce na ji abin da kika ce a mota. Da ya ce bar shi, ko rage, ko ni ma ina tuna shi, ni ma na ga fuskarsa kafin su naɗe shi... Bakin na nan, ba a ɗinke ba. Sai ya je ya faɗa wa keke.

Ita ma ai ba ta faɗa ba. Tabarma a bayan ƙofa. Dogon hannu. Albasa.

A shago, da rana tsaka, mutane na jiran kayansu, shi yana sunkuye da reza a kan tsohon siket, yana tsince zare ɗaya ɗaya don kada huji ya faɗaɗa. Sau huɗu. Gefe biyu. Yana tunanin me? Jiya da ya zo layin ƙarshe ya ga yadi ya ƙare... shi ya sa ya ce yau. Ba don kwana tara ba. Ya san yau zai maƙala, ya kuma san bayan yau ba sauran abin da zai buɗa. Duk abin da ya ɓoye mata a ciki tun watan farko, ya ba ta, ya ƙare.

Hannunta na kan cikin. Yaushe ta ɗora? Taushi, ɗumi, yana hawa yana sauka. Nan tsohuwar ta dafa. Nan yake shuri, ɓangaren hagu, in ta sha ruwan sanyi. Wata biyu tana dukan wurin nan safe da rana kamar shi ya yi laifin... in ya shafe kamar na matar waya, me zai rage? Jaka a saman wadirof?

Allurar na hannunta, ba zare. Ko ta zura, a ina za ta kafa ta? Ba yadi.

Taku. Hawa na farko. Huɗu saura uku.

Tashi ki naɗe tabarmar. Gororin na tsakar ɗaki. Matar waya ta gama ta koma farko, tana ta tsalle ita kaɗai ba sauti. Tashi mana. Ki ce kanki ke ciwo, ki ce siket ɗin... ki ce...

Hawa na biyu. Ga su nan, makullan, caras caras caras, tun daga nesa, kamar mai kora kaji. Makulli uku. Mutumin da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba, wata biyu yana kasa gane makullin ƙofarsa...

Wayyo.

Ya iso. Inuwar ƙafafunsa biyu a ƙarƙashin ƙofa, ba sa motsi. Yana kaɗawa. Yana ba ta lokaci, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Siket a cinyarta ciki waje, layukan huɗu suna kallon sama, tabarma a shimfiɗe, gwiwar hannunta a buɗe... ba ta da ƙarfin naɗe komai. In ta yi shiru, har yaushe zai tsaya a wurin?

Caras... caras...